Ruwan Shuka da Akwati Uku

Wahala muka sha, ba kuma zan yi mata kwalliya ba. Masu cewa zamanin da ya fi daɗi, yawancinsu ba su riƙe fartanya a cikinsa ba. Ni na riƙe. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata safiyar Alhamis a daminar da ta biyo bayan babban farin nan, lokacin naira ba ta daɗe da fitowa ba, mu ma muna cikin jihar Kano tukuna. An kwana ana ruwa, ruwa na gaske, irin wanda yake cika kwatami ya kwantar da dangar kara. Gari ya waye ƙasa tana ƙamshi, kwaɗi sun cika kududdufin bayan gari da kuka, kowane gida a ƙauyenmu da ke gefen Unguwar Ya ana fitowa da sungumi da ƙwaryar iri. Manya a gaba, yara a baya, kowa yana sauri kamar an yi gobara. Ni kuwa ina ƙofar gida ina ɗaura wa jakuna biyu akumari, namu ɗaya, na aro ɗaya, zan tafi Birnin Kudu.

A lokacin na zama saurayi, kuma ni kaɗai ne namiji mai ƙarfi a gidanmu. Baba yana kwance a zaure, kurkunu ya kama shi a idon sawu. Ƙafar ta kumbura ta yi sheƙi, tsutsar ta leƙo ana naɗe ta a tsinke kaɗan kaɗan kowace safiya, ba ya ko iya zuwa masallaci sai da sanda da kafaɗar mutum. Bayan ni sai ƙanwata Talatu, yarinya ce da ba ta wuce tallar gyaɗa ba. Iri kuma saura na ƙarshe. A shekarar fari mun cinye komai, har dusa mun tuƙa, amma Inna ta ɓoye zangarniyar gero a tukunya ta zuba toka ta liƙe bakin da laka, ta ce ko mutuwa za mu yi ba za a taɓa ba. Rabinsa na yi binne da shi tun kafin ruwa ya sauka, sai aka yi wani ɗan yayyafi, ya tsiro, rana ta ƙone shi. Abin da ya rage a ƙwarya shi ke nan. In ya lalace babu wanda za mu je wa, don kowa a garin halinsa ɗaya da namu. Ruwan shuka kuma ba ya jira. Ƙasarmu jigawa ce, rairayi, in rana ta buɗe sosai danshin yana gudu ƙasa kana kallo.

To me zai kai ni Birnin Kudu a rana irin wannan? Abokaina ne, su uku: Sabo, Habu da Isiyaku. Ranar ce za a sallame su daga makarantar sakandare ta kwana, sun gama aji biyar, sun rubuta jarrabawar ƙarshe. Tun kafin nan Habu ya aiko da saƙo ta bakin wani mai zuwa kasuwa cewa ranar Alhamis in zo da jakuna saboda kaya.

Mu huɗun nan tare muka tashi. Tare muka yi kiwon awaki, tare muka yi langa a dandali har gwiwoyinmu suka ƙare, tare muka riƙa hawan duwatsu muna tsinkar kanya da ɗinya, mu dawo leɓe baƙi ƙirin a zane mu. Da kaka mu kama fara mu gasa a wutar kara, da rani mu haƙa ramin gafiya, mu yi ƙwallo da tsumma. Habu tun a lokacin in ya tsaya tsakanin duwatsu biyu ba mai jefa masa ƙwallo ta wuce. Sabo shi ne mai ƙera mota da karan dawa, har da ƙofa mai buɗewa, kuma shi ne ya taɓa kwance fitilar ƙwan ubansa don ya ga abin da ke ciki, ya kasa mayarwa. Isiyaku ba shi da surutu, in ɗan akuya ya karye shi ke ɗaure masa ƙafa da kara da tsumma. Ni kuwa ban da ƙarfi ba ni da komai, sai suka sa mini Sarkin Noma, sunan ya bi ni har yau. Tare aka sa mu a firamare, ni na tsaya a aji huɗu, don Baba ya ce ba zai iya da gandu shi kaɗai ba. Ban yi kuka ba. Bulalar malamin lissafi ta ishe ni dama.

Muna da wata al'ada tun muna da 'yan gayaunanmu a gefen gonakin iyayenmu. In aiki ya zo, mu haɗu mu huɗu mu bi gonakin ɗaya bayan ɗaya, kuma gidan da ake da mara lafiya nan ake farawa. Ba wanda ya kafa mana wannan doka, ba kuma wanda yake lissafin wa ya yi wa wa. Ko da suka tafi sakandare, in hutu ya faɗo cikin damina sukan tuɓe fararen kayansu mu shiga gona, duk da dai kowace shekara saurinsu yana raguwa, hirarsu tana ƙaruwa. Ni ban lura da wannan sosai ba. Abin da na sani shi ne ƙarshen karatu yana zuwa, kuma a iya sanina, wanda ya gama karatu gida yake dawowa. Haka na ga ana yi. Yaro ya tafi gabas neman karatun allo, ya yi shekaru, ya sauke, ya dawo, a yi walima, ya ɗauki fartanyarsa. Ban taɓa ganin wanda ya gama boko ba, su ne na farko a garinmu.

Don haka lissafina a safiyar nan mai sauƙi ne. In na tsaya, ni kaɗai zan yi ta sara da sungumi, Talatu tana bina tana jefa iri tana rufewa da ɗan diddigenta, sai mu yi kwanaki ba mu gama ba, rabin gonar ya bushe kafin mu kai. In na tafi na ɗauko su yau, gobe da sassafe maza huɗu ne a gonar, kafin azahar mun tashi. Na faɗa wa Baba haka. Ya dubi ƙafarsa, sannan ya ce, "Iro, ni dai ƙasar da na gani jiƙe ita na sani." Na ce masa gobe ma tana jiƙe. Ya ce, "To, Allah ya kiyaye hanya."

Duk gonar da na wuce akwai mutane a cikinta. Wasu su ɗago su ce, "Sarkin Noma, ina zuwa yau kuma?" In ce musu zan ɗauko ma'aikata. Jakunan suna ta zamewa a taɓo, na aron nan kuma ga taurin kai, ko ƙaramin ruwa ya gani sai ya toge. Sai da hantsi ya ɗaga sosai na shiga Birnin Kudu, laka har gwiwa.

Ban taɓa ganin makarantar a hargitse irin na ranar ba. An fito da akwatunan ƙarfe an jera a gaban ɗakunan kwana, katifun ciyawa a rana, yara ƙanana suna ta kai da kawowa. Masu fita suna rabon gado da ransu: wannan ya ba ƙaramin da yake masa wanki bokiti, wancan ya ba da kwano da cokali, wani ya ba da dutsen guga. Sun tara gashi tuli a kai, wasu sun riga sun cire kayan makaranta sun sa wando mai faɗin ƙafa da yake sharar ƙasa. Ana ta rungume-rungume, ana dariya, wani ƙato a gindin bishiya yana kuka ba kunya. Ga mai hoto ya kafa akwatinsa ya lulluɓe kai da baƙin ƙyalle, ana layi.

Habu ne ya fara hango ni. Ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ga Sarkin Noma da dakarunsa!"

Na ce, "Dakarun sun fi ka hankali, ko ba komai ba sa tara gashi kamar mahaukata."

Ya rungume ni da lakar da komai. Sabo ya fito da wata rediyo a hannu, ba murfi a bayanta, wayoyi a waje, amma tana magana. Ya ce shi da Bulus suka tayar da ita daga matattu. Bulus ɗan wata ma'aikaciyar asibiti ne, Kirista, mutanen kudancin Zariya, Hausarsa kuwa kamar a garinmu aka haife shi. Gadonsu ɗaya sama da ƙasa tun aji ɗaya. Habu ma ya jawo wani dogo ya ce wannan Ado ne, mutumin Kwandiko ta wajen Gwaram, shi ke tsare masa baya a filin ƙwallo, kuma ba don shi ba da an daɗe da fasa masa haƙora. Na gaisa da su. Sun san sunana, sun san labarin ramin gafiyar da ya rufta da ni. Na ji daɗin wannan. Amma na lura in abin dariya ya zo, Sabo wajen Bulus yake fara dubawa, ba wajena ba.

Aka kawo abincinsu na ƙarshe, shinkafa da wake, muka zauna a inuwar wani maɗaci aka sa mini hannu. Nan fa hira ta ɓarke, rabi Hausa rabi Turanci, kowa yana faɗin inda ya dosa. A shekarun nan kuɗin mai ya shigo, ana ta shimfiɗa kwalta ana gine-gine, duk wanda ya gama aji biyar har makaranta ake zuwa nemansa. Sabo ya ce shi injiniya zai zama, gadoji zai gina, kuma a yau ɗin nan za su hau mota shi da Bulus zuwa Kano, kawun Bulus yana aiki a kamfanin masu yin hanya, zai sa su a gareji kafin sakamako ya fito. Habu ya ce shi soja, kuma ba kurtu ba, hafsa. Zai bi Ado Gwaram tukuna, samarin can suna da wasa da wani gari ba su da mai tsaron gida, daga nan su wuce Kaduna wajen tantancewa. Ya miƙe ya ƙame ya sara wa jakina, aka yi ta dariya. Isiyaku ya ce a hankali shi likita yake so, in Allah ya yarda, kuma an ba shi ɗan gurbi a ɗakin kati na asibiti ya riƙa taimakawa kafin lokacin.

Ina ci ina saurare, can sai na tsame hannuna daga kwanon. Na duba su ɗaya bayan ɗaya ina jiran in ji wanda zai ce gida. Ba wanda ya ce.

Sai Ado, mutumin kirki ne, ya juyo wajena, ya ce, "To kai fa, Malam Iro? Kowa ya faɗi nasa. Mene ne burinka?"

Na ce, "In shuka gerona kafin ƙasa ta bushe."

Suka fashe da dariya, har Habu yana dukan cinya. Sun ɗauka barkwanci ne irin nawa. Sabo ya ce, "Kai dai ba ka canjawa. Ka ba ni shekara kaɗan, wallahi da tantan zan shigo garin nan, in nome maka gonar kana zaune kana shan fura."

Na ce, "Gobe nake nufi, Sabo. Baba yana kwance. Na zo ne mu tafi."

Dariyar ta tsaya. Rediyon kaɗai ke magana, sai Bulus ya miƙa hannu ya kashe ta. Habu ya sosa ƙeya ya ce, "Haba Iro, ai na ce saboda kaya." Na ce haka ne, haka ya ce. Bai yi ƙarya ba. Sabo ya fara bayanin cewa motar kamfanin yau kaɗai za ta wuce, kuma an riga an yi magana da kawun, in ya saɓa ya kunyata Bulus. Na ce ya daina, na ji.

Isiyaku ne ya ja ni gefe, bayan ɗakin kwanansu inda ake shanya. Ya ce, "Me ya sami Baba?" Na ce kurkunu. Ya ce, "Irin fa? Akwai saura bayan wannan?" Na ce babu. Ya san ma'anar wannan, shi ma ya ci tuwon dusa a hutun shekarar fari. Ya dubi farin takalminsa. Sannan ya ce, "Gobe da safe aka ce in fara. Mu da yawa muka nema. In ban je ba wani za a ba." Bai ce ba zai zo ba. Na san in na ce masa zo, zai tuɓe takalmin nan ya biyo ni, kuma na san abin da uwarsa ta sayar kafin ya kai aji biyar. Sai na ce, "To ka je mana. Wa ya ce ka fasa?" Ya ce, "Iro." Na ce, "Zo ka kama mini akwati."

Su da kansu suka ɗaura kayan, akwati biyu a kan jakin aro, ɗaya da tabarmi a kan namu. Ba su iya ɗauri ba kuma, sai da na kwance na sake. Habu ya dage sai an yi hoto da ni, na tsaya a tsakiyarsu da lakata, mai hoton yana cewa in saki fuska. Isiyaku ya ruga cikin gari ya dawo da man shafawa da bandeji, ya ce a riƙa wanke wa Baba ƙafar da ruwan zafi, kuma don Allah mu riƙa tace ruwan kududdufi da ƙyalle kafin mu sha. Ya raka ni har bakin gari. Sauran biyun suna can suna jiran mota.

A hanyar dawowa rana ta buɗe, irin buɗewar da manomi ba ya so. Babu ko ɗigon gajimare. Taɓon da jakuna suka yi ta zamewa a cikinsa da safe ya fara tsagewa, saman kunya ya yi fari. Gonaki duk an tashi, sai sawun diddige a jere, layi bayan layi, har inda ido ya tsaya. Na bi gidajen uku na sauke akwatunan. Wannan ya fi tafiyar wuya. Uwar Sabo ta yanka kaza, ta fito har zaure da murna tana leƙen bayana, ta ce, "Ina yaron?" Na ce ya wuce Kano neman aiki. Ta ce, "Ba zai ko zo in gan shi ba?" Na ce zai zo. Ta tsaya da hannu a kan akwatin, sannan ta ce in jira ta zubo mini naman, tunda an riga an dafa.

Ana kiran magariba na shiga gida. Baba ya dubi bayana shi ma, ya ce, "Ina ma'aikatan naka?" Na ce ba za su zo ba. Na jira faɗa, bai yi ba. Ya ce, "Ba su yi maka laifi ba. Ita wannan makarantar ba a gama ta a dawo, gama ta ake yi a tafi." Sai ya ce in ba jakunan ruwa in mayar da na mutane. Inna ta ɗauko ƙwaryar irin ta ajiye a bakin ƙofar ɗakina.

Ruwa bai sake sauka da wuri ba a shekarar. Waɗanda suka shuka ranar Alhamis geronsu ya kama ƙasa ya jure, mu kuwa abin da muka samu bai kai mu rani ba, sai da na je ci-rani. Abokaina kuma kowa da inda ya ƙare. Sabo bai gina gada ba, amma ya yi aikin gyaran injinan ruwa a Kano har ya yi furfura, ya riƙe iyayensa da kyau. Habu ya sa kakin da yake so, a can kudu ya rasu, ba mu ga gawarsa ba. Isiyaku bai zama likita ba, malamin asibiti ya zama, shi ya riƙe hannun Baba ranar da ya cika. Muna gaisawa, muna zuwa sunan juna da jana'izar juna, amma ba mu sake shiga gona ɗaya ba. Yanzu duk ƙarshen shekarar karatu ina ganin yara a Birnin Kudu sun cika bakin titi, sun yi wa rigunansu rubutu, wannan zai zama lauya, wancan matuƙin jirgi, suna rantsuwa ba za su rabu ba. Har da nawa ɗan a ciki bara. Bambancin shi ne su suna dawowa gida, duk cikarsu, don babu motar kamfanin da ke jiransu. Sai su zauna a gindin bishiya, ko su karɓi babur su yi acaɓa. A da na so a dawo ba a dawo ba, yanzu an dawo kuma ba na murna. Wani lokaci nakan so in sake jin irin hirar gindin maɗacin nan, ta mutanen da suka tabbata ana jiransu a wani wuri.

Washegarin ranar da na kawo akwatunan nan, ana idar da sallar asuba, na tashi Talatu, na saɓa sungumi, ita ta ɗauki ƙwarya. A kan tudun gonar na durƙusa na tura yatsa cikin ƙasa, ya shige duka ban ji sanyi ba. Na bar wajen. Muka gangara kwari, ta gefen tsamiya, inda ƙasar take da sauran duhu. Na ce mata ta riƙa jefa kaɗan kaɗan, ta danne sosai. Na ɗaga sungumin na fara sara, tana bina a baya.